Saukar Gidaɗo a Ƙofar Malam

"A tsaye ka wuce shi, Gidaɗo. A tsaye bisa sirdin babur, hannuwa sake!"

Husaina ce ke magana, ta juya masa baya a gindin itacen bedin da suka saba zance bayan la'asar.

"Husainata, ranar murnar mulkin kai ce fa. Kebbe duka tana tafa mani. Wallahi ban ga Malam ba..."

"Shi ya gan ka. Baba na zaune ƙofar gida da baƙi, ka baɗe su da ƙura. Mai jaki sauka yakai. Mai keke sauka yakai, ya tura har ya wuce. Kai mi kaf fi su?"

"To mi yac ce?"

"Ya ce wanda bai sauka don uba ba, ba ya sauka don ɗiya. Kada manyanka su zo."

Ta shige gida.

Babur ɗin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mahaifinsu marigayi ya saye shi a Sakkwato shekara guda kafin rasuwarsa, ya zama na gida. Wansa Namadi na kai gero kasuwa da shi, kuma da shi ake kai mahaifiyarsu, Inna Atu, asibitin Tambuwal duk lokacin da ciwon ƙirjinta ya motsa. Gidaɗo, auta, shi ya mai da shi abin wasa: ya ɗaga ƙafar gaba, ya kwanta rub da ciki bisa tanki, ya tsallake kwazazzabo yara na ihu. A wannan tsallaken ne ƙarfen da ake takawa a tayar da injin ya karye. Tun daga ranar, da an saki wuta sai babur ya mutu, kuma ba ya tashi sai ƙarti sun tura shi.

Wannan ne ya ɗaure Gidaɗo. Hanyar fita gari ta ƙofar Malam Na'iya ta bi, wurin kuwa rairayi ne mai cin ƙafa. In ya sauka, babur ya mutu, ya tsaya yana roƙon masu turi gaban surukin da yake nema. In bai sauka ba, ya ƙara laifi bisa laifi. Sai ya koma zagayawa ta bayan gonaki, abin da Malam ya ɗauka girman kai ne.

Ya aika kawunsa ban haƙuri, Malam ya ce shi ba da kawu ya ɓata ba. Ya je da ƙafa, aka ce Malam na karatu. Husaina ta daina fitowa. Namadi kuwa kullum sai ya yi masa gori.

"Ka karya babur, ka karya aure. Saura mi?"

Da damina ta kankama, ruwa ya cinye hanyar bayan gonaki. Wata safiya Inna Atu ta tashi numfashi na sarƙe mata, Namadi kuma yana Sanyinna. Maƙwabta suka tura, babur ya tashi, aka ɗora ta baya.

Daga nesa Gidaɗo ya hango Malam zaune bisa buzu. Ya ƙara wuta.

"Sauka, auta," in ji Inna a kunnensa.

"Inna, in ya mutu nan ba mai tashe shi. Ki bari mu wuce."

"Ka wuce, ka rasa ɗiyar mutane saboda ni? Sauka nic ce."

"Inna, numfashinki..."

"Nawa ne. Sauka."

Ya saki wuta. Injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Ya taimaka mata ta sauko ta jingina da katanga, ya tuɓe takalma, ya durƙusa cikin rairayi, takaici na cin ransa har idanunsa sun kawo ruwa.

"Allah gafarta Malam, ina kwana."

Malam Na'iya ya ɗago kai. Ya dubi saurayin, ya dubi tsohuwar da ke kokawa da numfashi.

"Ina za ka da Atu?"

"Asibitin Tambuwal."

"To tashe shi mana."

"Ba ya tashi sai da turi, Malam. Ni nak karya shi wajen wasa."

"Kuma ka san haka, kas sauka?"

Gidaɗo ya sunkuyar da kai. Unguwar Malam babu wani namijin ko ɗaya, duk suna gona.

Malam ya miƙe. Ya naɗe babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa, ya ajiye carbi bisa buzu.

"Hau."

"Malam, a gabanka?"

"Yau ni nac ce ka hau. Husaina! Fito ki kama mani, ai na san kina bayan ƙyaure."

Ta fito da gudu, mayafi na zamewa, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Uba da ɗiya suka dafa bayan babur. Turin farko ya nutse a rairayi. Na biyu rawanin Malam ya kwance. A na uku injin ya yi gurnani ya kama, hayaƙi ya turnuƙe fuskar dattijon.

Gidaɗo ya kewayo a hankali, ya tsaya yana riƙe da wuta. Husaina ta ɗora Inna, ta ɗaura mata gyale a kugu har cikin ɗanta, ta raɗa masa: "Ka dawo mani lafiya."

Malam yana haki ya ɗaga murya sama da ƙarar injin.

"In Atu ta samu sauƙi, kawunka ya zo. Amma a gyara wanga abu tukuna. Ba ni tura suruki sau biyu."

Sun yi nisa, hanya ta miƙe fetal, irin wadda da can yake sakin hannu a kanta. Inna ta ɗora goshinta a bayansa.

"Hannu biyu, auta."

"Biyu ne, Inna."

Har ya tsufa, ba a sake ganin ya saki ɗaya ba.