Lambobin Bayan Ƙofa

Sati shida da kwana biyu bayan aikin, ranar Talata da safe, ruwan ya sake taruwa.

Dogo ya san haka tun kafin ya buɗe ido, don ya ji nauyin a matsematsinsa na hagu kamar an cusa masa ledar ruwa a ƙarƙashin fata. Direban bas ne, shekara goma sha ɗaya yana taka kuloci da wannan ƙafar. Abin ya faro ne daga wani baƙin tabo a tafin ƙafa, wanda kowa a gidansu ya ce tawadar Allah ce, ban da matarsa, Tela, wadda ta lura tabon yana faɗi, ta tasa shi gaba har asibiti. Ciwon dajin fata ne. Aka yanke tabon, aka cire kaluluwar da ke matsematsi don kada ciwon ya bi ta nan, aka ce an tare shi da wuri. Ruwan ne ya ƙi tafiya. An zare robar da ke tsiyayar da shi a sati na uku, bayan kwana huɗu ya dawo. Sau uku nas tana zuƙe shi da sirinji, sau uku yana komawa mazauninsa.

Likita ya yi musu bayani tun farko. Ya ce ba mugunya ba ce, ba kuma ciwon ne ya dawo ba. Ruwan jiki ne da aka yanke wa hanya, yana neman wata, kuma zai samu, amma ba ranar da mutum ya so ba. A ɗaure wurin da abu mai matsewa, a ɗaga ƙafa, a riƙa auna cinyar. Kada a matsa, kada kowa ya huda a gida. In wurin ya yi ja ko ya ɗau zafi, a zo ko ba ranar zuwa ba ce.

A duk bayanin, awon ne ya faɗo cikin sana'ar Tela, ta kuwa riƙe shi da ƙarfi. Ta yi ɗigo da biro a cinyarsa don tef ɗin awo ya riƙa zama wuri ɗaya. Kullum da safe sai ta auna, ta je bayan ƙofar ɗaki ta rubuta da allin ɗinki. Layin lambobin ya sauko har kusa da sakata. Dogo bai taɓa juya ƙofar ya duba ba.

Ran nan da ta nufo shi da tef a wuya, ya janye ƙafar. Jiya abokan aikinsa sun zo gaishe shi. Da ya miƙe zai raka su, sai ga wandonsa a jiƙe daga ramin allura, wani a cikinsu ya ce lagireton Dogo ya fashe, a kira makanike. An yi dariya har da shi. Bayan sun tafi ya yi jifa da kofi.

“Ni ba yadi ba ne,” ya ce. “Kada tef ɗin nan ya sake taɓa ni.”

Ta fara gaya masa cewa ta lura da wani abu a lambobin, ya katse ta, ya ce lissafi ya ishe shi, shi abin da yake gani shi ne abu ya kumbura, an zuƙe, ya kumbura. Ta ce to, a wata murya da ta fi gardama ciwo, ta rataye tef ɗin.

Sai dai matsattsen gajeren wandon da ta ɗinka masa ya saki, ba ya danne wurin. Ta zaga kasuwa neman yadi mai roba da zai riƙe da kyau, wanda ta samu fari ne, ba wani launi. Da azahar, maganin ciwo ya kwantar da shi, yana rigingine, ƙafa a kan filo, hannuwa a kan ƙirji. Ta shimfiɗa farin yadin a gefensa, ta ɗora tef a hankali daga ƙugu zuwa ƙasa, tana riƙe numfashi kada ya farka. A haka yayarsa ta ɗaga labule. Ta yi sallama ciki-ciki, ta tsaya, ta dubi ƙaninta a miƙe ido rufe, ta dubi farin yadi, ta dubi tef. Ta ajiye ledar lemon da ta kawo a ƙasa, ta juya ta fita.

Washegari da hantsi ta dawo da Umma, mahaifiyarsu, da mota a ƙofar gida.

Yaya ce ta yi yawancin maganar, a tsaye. Ta ce ta ga abin da ta gani, ba labari aka ba ta ba: mutum da ransa ana auna masa likkafani. Ta ce dama tun farko wa ya ce a taɓa tabon? Yaro yana tuƙinsa lafiya, aka kai shi aka farke. Yanzu an san abin da aka sani, an yi shiru, ana shirye-shirye.

Tela ta ji kanta ya yi zafi har kunnuwanta suka toshe. Ta ɗauko yadin ta ja shi da hannu biyu, ya miƙe, ya koma.

“Yaya, kin taɓa ganin likkafani mai roba?”

“Da ni kike yi wa wannan bakin?”

“Wando ne. Wando zan ɗinka masa.”

“Shi ya sa kika jira ya yi barci.”

Umma tana zaune a bakin gado, ba ta ɗaga murya ba. Shekara takwas da suka wuce mijinta ya kwanta wata biyar. Likitoci suka gaya wa 'ya'yan gaskiya a baranda, 'ya'yan suka shigo suna ce mata ana samun sauƙi, har ranar da aka rufe masa fuska. Ba ta yafe wannan ba. Dogo kuwa yana cikin waɗanda suka tsaya a barandar. Ya san yadda ake yi: yadda ake gyara fuska kafin a tura ƙofa, yadda ake cewa jiki da sauƙi. Shi da kansa ya yi. Ya kuma tuna cewa zuwansu na ƙarshe likita ya tsayar da matarsa bayan shi ya fita, har minti goma.

Ya dube ta. “Me ya gaya miki da na fita?”

“Ɗaurin bandeji ya nuna min.”

“Minti goma?”

“Hannuna ne bai iya ba, sai da ya maimaita.”

“Haka muka ce wa Umma,” ya ce. “Kusan haka.”

Da Tela ta yi kuka a lokacin, wataƙila da ya zauna. Amma fushi ya riga hawayen. Ta ce sati shida tana wanke zanin gado sau biyu a rana, ta mayar wa mutane ɗinkinsu, ta koyi abin da ba sana'arta ba, sakamakon ke nan. Ta ce in yana ganin ƙarya take yi, ga ƙofa nan. Ita ƙofar da lambobin suke take nufi, ya juya ta ya karanta, amma hannunta bai nuna ba, shi kuma bai tambaya ba. Ya nemi sandarsa. Umma ta ce ɗanta zai yi jinya a gabanta, inda ba mai rufe ta. Tela ta bi su har mota da katin asibiti, tana cewa gobe Alhamis ranar zuwa ce. Yaya ta ɗaga gilashin motar.

Gidan Umma yana da benci a ƙarƙashin tagar falo. Nan Tela ta zauna ranar Alhamis, da wandon da ta gama a jaka, da tef. Yaya ta ce yana barci. Ta zauna ranar Juma'a, aka ce ba ya son ganin kowa. Ta taga take jin abin da ake yi. Ana dafa ruwa ana gasa masa wurin da tawul, Yaya tana dannawa da tafin hannu wai ya narke. Tela ta miƙe ta faɗa ta tagar cewa likita ya hana, aka rufe tagar. Ranar Asabar ta ga mai kemis na bakin titi ya fito daga gidan yana naɗe sirinji a takarda. Ta tare shi, ta tambaye shi da me ya wanke wurin kafin ya huda. Ya ce shi shekara ashirin yana allura. Ta ce ba shekarunsa ta tambaya ba.

Mahaifiyarta ta kira ta a waya, ta ce ta dawo gida, mutuncinta ya fi benci. Tela ta ce ba don su take zama ba. Ita ma ba ta huce ba: kowace safiya tana zuwa da niyyar in ta gan shi sai ta gaya masa maganar da ba zai manta ba, tana zaune tana tsara ta kamar yadda take tsara yanka a kan yadi.

Ranar Litinin Umma ce ta fito da kanta, ba mayafi.

“'Yar nan, jikinsa kamar wuta. Yana sambatu.”

Tela ta wuce ta gaban Yaya ba ta dube ta ba. Cinyar ta yi jawur, fatar tana sheƙi. Ɗigon biron ya kusa gogewa, amma yana nan. Ta zagaya tef ɗin, ta karanta, ta sake karantawa: inci ashirin da bakwai. Bai taɓa kai haka ba. Dogo ya buɗe ido, ya gan ta, ya ga tef ɗin, bai janye ƙafar ba. Tela ta ajiye maganar da ta kwana biyar tana tsarawa. Ta ce a kawo mota.

Ƙwayar cuta ce ta shiga ta ramin allurar mai kemis. Aka ba shi gado, aka sake sa roba, aka ɗaura ƙarin ruwa da magani. A rana ta uku, da zazzaɓin ya sauka, likita ya tambayi yadda cinyar take kafin wannan. Tela ta ciro waya ta nuna masa hoton bayan ƙofa. Ta tambaye shi ko su fita waje ya yi mata bayani. Umma ta ce a'a, a nan za a faɗa, kowa yana ji.

Likita ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya sa shi a gaban Dogo. Ya nuna masa cewa bayan kowace zuƙa lambar tana hawa, gaskiya ne, amma ya duba inda take tsayawa. Karo na farko ashirin da biyar. Na biyu ashirin da huɗu da rabi. Na uku ashirin da huɗu ba kwata. Ya ce jikin ya fara samo hanyarsa, da an bar shi da ya kusa. Yanzu an koma baya, amma ba a koma farko ba. Game da ciwon dajin kuwa, ya buɗe fayil ya karanta musu sakamakon gwajin da bakinsa, kalma bayan kalma, cewa ba alamar ciwon ya dawo, ya juya takardar ga Umma duk da ba ta iya karanta ta ba.

Dogo ya daɗe yana kallon rubutun allin, rubutun matarsa mai karkata, wanda ya kwana da shi a ɗaki ɗaya sati uku.

“Abin da kike son gaya min ke nan ran Talata.”

“Shi ne.”

“Ki yafe min.”

“Zan yafe,” ta ce. “Ba yau ba. Ɗaga ƙafar.”

Umma ta juya ga Yaya, wadda ke tsaye a bakin labule. Ta ce an taɓa yi mata ƙarya don ana sonta, shi ya sa da aka gaya mata gaskiya ta kasa ganewa, ta kuma kusa kashe ɗanta da hannunta. Ta ce daga yau duk wanda ya zargi mai jinya, ya fara tambayar ta me take yi kafin ya kawo mota. Yaya ta ja labulen ta fita. Da yamma ta aiko da zannuwan gado guda huɗu, sababbi, ba saƙo.

Sai da aka ƙara sati tara. An zuƙe sau biyu, na biyun bai cika rabin sirinji ba, nas ta ce ba sai an sake ba. Dogo yana sa farin wandon a ƙarƙashin kayansa, yana kiransa likkafanina idan Yaya ta zo, ita kuma tana tashi ta shiga kicin.

Ranar da zai koma tasha, da safe, layin lambobin ya wuce sakata ya kusa ƙasa. Ya ɗauko tef ɗin daga ƙusa da kansa, ya miƙa mata, ya ɗora ƙafa a kan kujera. Ta zagaya, ta matso da ido.

“Ashirin da biyu ba kwata.”

Ya karɓi allin daga hannunta, ya juya ƙofar, ya durƙusa a hankali a kan ƙafar hagu, ya rubuta.