Azurfa Mai Baƙin Zare

Ni ban iya ba da labari ba. Ko a gidanmu an san ni da shiru. Amma wannan ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda na ji.

Ina wata biyar da aure na je gida Bichi kwana uku. A dare na biyu, bayan isha'i, aka ɗauke wuta. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni da ƙanwata Shafa da 'yan matan maƙwabta biyu. Sai ga Yaya Lurwanu ya yi sallama. Ɗan Goggo Hansai ne, yayar babanmu, don haka abokin wasanmu ne. Tela ne, shagonsa na bakin kasuwa.

"A'a, amarya! Har an koro ki?"

"Kai Yaya. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ai tun farko na faɗa masa ba ki iya tuwo ba, ya ƙi ji."

Na ja mayafi na rufe fuska, aka yi ta dariya.

Ranar Shafa ta tsinci kobo mai huji a tsohuwar kwallar Inna. Tana ta haska shi da waya.

"Yaya, kai ka san harkar nan. An ce akwai masu sayen irinsa a waya. Bari in ɗora hotonsa."

Dariyar ta bar fuskarsa.

"Kashe wayar nan."

"Don me?"

"Kashe na ce. Ku matso."

Muka matsa. Ya zauna a kan turmi, ya yi ƙasa da murya. Ga abin da ya faɗa mana.

"Shekara shida ke nan. Lokacin ina tara tsofaffin kuɗi. Anini, sisi, kobo mai huji, har liyari irin wanda matan dā ke ratayawa a wuya. Ba don in sayar ba, sha'awa ce kawai. Ina da gwangwanin alawa, kowanne na naɗe shi a ƙyalle na jera. Cewa nake na Lami ne in ta girma."

Lami 'yarsa ce ta fari. A lokacin shekararta huɗu.

"Muna da guruf a waya, mu masu wannan harka. Mutanen Kano, Damagaram, har Agadas. 'Yan damfara sun fi masu gaskiya yawa. Wani hoton kayan wani zai ɗauko ya ce nasa ne. Wani dalma zai narka, ya binne a ƙasa wata guda, ya ce tun zamanin fatake. Saboda haka muna da ƙa'ida. In mutum ya ce yana da abu, sai ya ɗora a tafin hannunsa, ya rubuta kwanan wata a takarda, ya ɗauko maka hoto. Sannan ya yi maka saƙon murya, ka ji da wa kake magana.

"Wata rana da tsakar rana ina shago. Kasuwa ta yi tsit, kowa ya fake. Saƙo ya shigo. Lambar ba ta cikin guruf ɗinmu. Ba hoto, ba suna. Hoton kuɗi ɗaya kawai ya turo. Azurfa ce ƙarama, ba ta fi farcen babban yatsa ba. Rubutun larabci a jiki, duk ya suɗe. An huda ta, an zura baƙin zare. Ban taɓa ganin irinta ba. Zuciyata ta kwanta a kanta.

"Na rubuta masa, 'Ɗora a hannunka da kwanan wata.' Kafin in ɗaga yatsana hoton ya shigo."

"Da sauri haka?" in ji Shafa.

"Da sauri haka. Kwanan watan daidai. Amma takardar a jiƙe take. Tafin hannun kuma ba zane ko ɗaya. Sumul, kamar bayan cokali."

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta buɗe hannunta tana dubawa.

"Na gani. Wallahi na gani. Na ce wa kaina hasken waya ne. Na nemi murya, ya turo. Bai yi sallama ba. Muryar tana amsawa kamar wanda ya cusa kai cikin randa. A bayanta kuma wani abu na ɗiga. Ɗis. Ɗis. Ya ce, 'Kana so?'

"Na ce, 'Yaya za mu yi?'

"Ya ce, 'Ka fara karɓa.'

"Nan ya kamata in tsaya. A harkar nan ba mai saka maka kaya a mota bai ga komai ba. Amma kwaɗayi ya rufe mini ido.

"Kun san yadda ake aika saƙo a tasha. A rubuta suna da lamba a jikin ambulan, a ba direba. Ya ce, 'Sunan wa zan rubuta?' Na ce Lurwanu Tela. Ya ce, 'Ta wa ce?' Na ce 'yata nake tara wa. Ya ce, 'To sunanta. Na yanka.'

"Lokacin ba Lami muke ce mata ba. Da sunanta na yanka kowa ke kiranta. Na rubuta masa shi. Da yatsan nan nawa."

Ya ɗaga yatsan a duhu.

"Washegari wani direba ya kira ni a tasha. Na je, ya miƙo mini ambulan da bakin yatsu. Na ce wa ya ba ka? Ya ce, 'Malam, ni ma ban sani ba. A kujerata na tarar, ta jiƙa mini wuri.' Sunan yarinyar na jiki, da lambata. Na buɗe, azurfa ce ta gaske. Na kai gida na sa a gwangwani ina murna.

"Kwana biyu lafiya. A na uku uwarta ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Na kira ta da kaina. Sai ta dubi ƙasa. Duk wanda ya kira sunan, ƙasa take duba, kamar daga can aka yi kiran.

"Da safe gashinta a jiƙe. Ba zazzaɓi, ba gumi. A canza mata riga, kafin azahar ta yi sharkaf. Ta bar cin abinci. Ta bar wasa. Sai ta je bakin randa ta tsaya tana leƙe. Muka kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Malam ya zo ya yi mata karatu, ta ɗan yi barci, ta tashi yadda take. Kullum ƙara sauƙin ɗauka take. Ran nan na ɗauke ta, ta sa baki a kunnena ta ce, 'Baba, ana kirana a ƙasa.'"

Shafa ta kama hannuna. Nata ya yi sanyi.

"Da dare ya yi tsohuwarmu ta zo. Ta dubi yarinyar, ta ce me ya shigo gidan nan sabo? Uwar Lami ta ɗauko gwangwanin. Tsohuwa na warware ƙyalle ta ga zaren, ta saki, ta ja da baya tana salati.

"Ta ce, 'Lurwanu, ka san abin da ka ɗauko? Kakata ta ba ni labari. A dā, matar da 'ya'yanta ke mutuwa sai ta huda kuɗi, ta zura baƙin zare, ta faɗi sunan jaririn a kai, ta jefa a tsohuwar rijiya. Wai kuɗin ya zauna can a madadin ɗan. Aikin jahiliyya ne, Allah Ya raba mu. Amma abin da ke cikin rijiyar bai manta ba. Sunan wa ka bayar?'

"Na kau da kai. Ta gane.

"Na yi ta kiran lambar, ba ta shiga. Na yi ta rubutu, ba amsa. Sai washegari, rana na tsayawa, na ga ya buɗe saƙon. Na ce zan mayar. Ya rubuto, 'Kufan Maiturmi. Gobe, warhaka. Kai kaɗai.'

"Tsohuwa ta ce mini abu uku. Kada in sa masa a hannu. Kada in leƙa rijiyar. Kome na ji a bayana, kada in waiwaya.

"Na hau babur da hantsi. Na tambayi hanya a ƙauyen ƙarshe, mai shayi ya dube ni ya nuna da haɓa. Inda hanya ta ƙare na ajiye babur na shiga da ƙafa. Tsohon gari ne, ba kowa. Guntun ganuwa, da ramukan marina da suka cike. Rana tana tsakiyar kai. Ba kukan tsuntsu. Ko ƙuda babu. Ina tafe ina Ayatul Kursiyyu.

"Sai na ji. Ɗis. Ɗis.

"Rijiyar na bayan wani rusasshen bango. Mutum na zaune a bakinta, ta gefe nake ganinsa. Dogo ne ƙwarai. Farar riga, ruwa na zuba daga gefenta. Waya na hannunsa, gilashinta baƙi ƙirin, amma yana ta latsawa. Kewayen bakin rijiyar kuma an jera su. Azurfa, tagulla, kobo. Kowanne da baƙin zarensa. Sun kewaye rijiyar kaf.

"Na sunkuyar da kai don kada in ga fuskarsa. Sai na ga ƙafafun."

"Kofato?" in ji Shafa da raɗa.

"Da kofato ne da sauƙi. Ƙafafun jariri ne. Ƙanana, farare, duk sun yamutse kamar sun daɗe a ruwa. Suna lilo, ba su kai ƙasa ba."

Na ji ɗaya yarinyar ta fara innalillahi a hankali.

"Bai juyo ba. Ya ce, 'Ba a mayar da kaya.'

"Na ce, 'Ga ta na kawo.'

"Ya ce, 'Masu waɗannan duk sun tsufa sun mutu. Sunayensu sun ƙare. Sababbi nake nema. Kai ka ba ni, ban ƙwata ba.'

"Na ce, 'Ka ɗauki nawa.'

"Ya ce, 'Naka an kira shi da yawa. Ya suɗe.'

"Na durƙusa. Na ce, 'Shekararta huɗu.'

"Ya ci gaba da latsa wayar. Can ya ce, 'Ko ta biyo sunan, ko sunan ya zauna nan shi kaɗai. Zaɓi.'

"Na ce sunan ya zauna.

"Ya ce, 'Faɗe shi a kanta sau ɗaya, ka jefa. Ranar da wani ya sake kiranta da shi, za ta amsa. A nan za ta amsa.'

"Ya miƙo hannun nan marar zane. Ban sa masa ba. Na kai azurfar bakina, na faɗi sunan da na raɗa mata da kaina, sunan da na yanka wa rago. Allah Ya yafe mini, har yau ina istigfari. Na runtse ido na wurga. Na saurara. Ban ji faɗuwarta a ruwa ba.

"Na juya na fara tafiya. Ban yi taku goma ba na ji muryarta a bayana. 'Baba! Baba, ka manta ni!' Muryarta sak, tana kuka. Ƙafata ta tsaya da kanta. Wuyana ya fara juyawa. Na ciji hannuna har jini, na ruga. Ban san yadda na kai babur ba.

"Da la'asar na shiga gida. Na tarar da ita a gindin murhu tana cin ɗumame da hannu biyu. Gashinta a bushe. Ta ɗago ta ce, 'Baba, ina ka je?' Na buɗe baki zan kira ta, tsohuwa ta toshe mini da tafin hannu. Ran Alhamis aka haife ta. Daga ranar ta zama Lami. A makaranta Lami, a asibiti Lami. Takardar haihuwarta na ƙona ta. Gwangwanin kuma na kai wa maƙeri ya narke komai."

Can Shafa, da ba ta iya riƙe baki, ta ce, "To Yaya, mene ne sunan?"

Ya miƙe tsaye, har turmin ya faɗi.

"Shafa'atu! Kada ki ƙara. Ko da wasa."

Bai taɓa kiranta da cikakken suna ba sai ranar. Ya sa takalminsa. A bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Kobonki ki mayar wa Inna. Wanda bai yi muku sallama a waya ba, kada ku amsa masa. Kada ku ba baƙo sunan yaro, ko a ambulan ne. In kuma hanya ta bi da ku ta Maiturmi, kada ɗayarku ta shiga ita kaɗai. Lambar tana nan tana aiki. Bara wani a guruf ya nuno hoton hannun yana tambaya ko an san mai shi."

Ya fita.

Da muka kwanta na kasa barci. Ni na je sunan yarinyar nan. Ina shekara tara. Na tuna atamfar da aka ɗinka mana, na tuna an ba ni ita na riƙe a cinya, na tuna maroƙiya tana ta faɗar sunan a tsakar gida. Na nema na nema, wurin fayau.

Da safe ina taya Inna wanke-wanke na ce, "Inna, wai ke kin tuna sunan Lami na yanka?"

Ta buɗe baki za ta faɗa. Ta tsaya da kwano a hannu, ruwa na zuba. Na ga idonta yana nema, bai samu ba.

"Ɗauraye ki kife," ta ce. "Kada ki sake tambayar kowa."

Ban sake ba. Amma jiya ina shara a ɗakina, ba abin da nake tunani, sai na ji farkonsa ya zo mini kan harshe. Na saki tsintsiya, na toshe bakina da hannu biyu, na tsaya a haka har ya wuce.