Tayil Ɗin Kabarin Lami

Da hantsi Enoch, tsohon sufeton 'yan sanda, ya isa maƙabartar coci a Gozaki ya tarar da kabarin matarsa Lami tsirara. Tayil ɗin da aka manna a gefunansa ya zame ya zube, wani ya fashe, wani ya jingina da bulo kamar ya gaji. Ranar Lahadi za a yi addu'ar cika shekarar Lami. Tana raye ya sha yi mata alkawarin tayil a ɗaki bai cika ba. Yanzu da ta daina tambaya, ya so ya cika ko a nan ne.

Ya tsuguna ya ɓantari kwaɓin, ya marmashe a hannunsa. Tururuwa sun yi layi suna kwasa. Enoch ya ga abubuwa da yawa a aiki, amma bai taɓa ganin tururuwa ta ci siminti ba.

Ya sa aka kira Saminu, mai manna tayil daga Bakori.

"Me ka kwaɓa?"

"Abin da na saba, Yallaɓai. Siminti, yashi mai laushi, sai ɗan farin garin nan da suke kira selulos."

"Aikin me yake yi?"

"Riƙe ruwa. In babu shi, bulo zai shanye ruwan kafin siminti ya kama. Shi ke ba kwaɓi danƙo, in na ja cokali mai haƙora layin ya tsaya, tayil ba ya sulɓewa."

"Ranar layin ya tsaya?"

Saminu ya sosa ƙeya. "Yana kwantawa. Na ɗauka zafin rana ne."

"Rana ta sha ɗaukar laifin mutane. Ina ragowar garin?"

Ya miƙa ledar ba gardama. Ya ce rabin farko da shi ya yi banɗakin wani gida a Malumfashi. Enoch ya biya ta can a kan babur, ya ƙwanƙwasa bangon da makulli. Ko ɗaya bai motsa ba.

A Funtua, Alhaji Isah mai kayan gini ya ɗebo selulos daga buhunsa ya kaɗa a kofin ruwa. Suna gaisawa ruwan ya kama yauƙi kamar miyar kuɓewa, yana bin cokali.

"Daga auduga ake yin sa, Sufeto. Tamu ce suke kwashewa su dawo mana da ita da tsada."

Ya kaɗa na ledar a wani kofin. Garin ya kwanta a ƙasa, ruwan ya yi fari.

"Wannan ai kunu za ka dama," in ji Alhaji. "Farar dawa ce. Ni ba na sayar da abinci."

Enoch ya taɓa a harshe. Tsakuwa ta yi ƙara a haƙorinsa. Ya san wannan tsakuwar. Ya tauna ta a tuwon da aka kawo masa lokacin yana neman aure, ya haɗiye ya ce ya yi daɗi.

Saminu ya ce ledar a zauren gidan surukan Enoch ta kwana, don shi ne kusa da maƙabarta. Gida ne mai mutane, amma duk matansa inji suke kai niƙa, sai mutum ɗaya. Duk da haka, da Enoch ya isa gidan, bai shiga ba sai da ya zaga baya. Ko'ina ƙasa ta bushe ta tsage, ban da wani wuri a bayan ɗakin tsohuwa, inda ruwan wanke-wanke ke fita. Nan ya yi santsi, yana ƙyalli, akuya ta taka ta zame.

Marka, uwar Lami, na zaune gaban dutsen niƙanta. Ita kaɗai a gidan ba ta shiga coci ba, tana kan addinin iyayenta. Lami 'yar farinta ce, ba ta taɓa kiran sunanta ba.

Enoch ya cire takalmi ya durƙusa.

"Sannu da gida, Inna."

"Sannu, ɗan nan. Yau da kakin ka zo ko babu?"

"Na ajiye shi tuni. Halin ne ya ƙi ajiyuwa." Ya ajiye ledar a gabanta. "An kwashe garin Saminu an zuba na dawa, niƙan dutse. Nasa kuma an watsar a bayan ɗakin nan. Shi garin ba ya sakin ruwa, Inna. Wurin bai bushe ba har yau."

Ta ci gaba da niƙa.

"Na ji yaron yana cewa in babu garin ba zai kama ba," in ji ta. "Da tsohuwa a wurin kowa sakin baki yake yi."

"Saura kaɗan sunansa ya ɓaci a garin nan."

"Wannan ban kyauta ba. A faɗa masa."

"Don me, Inna?"

"Ya gama gefen kabarin, gobe sai sama. Duk Alhamis nakan kai wa yarinyar nan farau-farau in zuba mata, ƙasa ta shanye, in san ta karɓa. In kun rufe ta da abin da ruwa ke zamewa a kai, ta ina zan ba ta?"

Enoch ya ɗauki ledar. Shi ma duk Asabar yakan zauna bakin kabarin ya karanta wa Lami littafi da ƙarfi, alhali tana raye cewa take yi karatunsa na sa ta barci. Bai ga yadda zai kira nasa hankali ya kira na tsohuwa laifi ba.

Washegari Saminu ya dawo da sabon gari. Layin cokali ya tsaya, tayil ya zauna daram. Da ya zo saman kabarin, wajen kai, Enoch ya dafa ƙasa da tafin hannunsa.

"Bar nan."

"Yallaɓai, mutane za su ce ban iya aiki ba."

"Ka ce ni ne ban iya ba. Lami ma haka take cewa."

Ranar Lahadi fasto ya yi addu'a, aka yaba aikin, wasu suka kalli gurbin suka kau da kai. Ranar Asabar Enoch ya zo da littafinsa. Ƙasar gurbin ta yi fari-fari, tururuwa na kai da kawowa. Ya zauna a gefe don kada ya taka su, ya buɗe inda suka tsaya.