Shuɗi a Tafin Hagu

Fulas ɗaya cike da ƙanƙara, da ƙananan kwalaye huɗu na allurar saran maciji a ciki. Kwalbar maganin zazzaɓi. Bandeji dozin biyu, sirinji uku, almakashi. Rabin burodi. Famfon taya da faci. Abin da Luke Zamani ya ɗauro ke nan a bayan babur daga asibitin mishan na Kafanchan zuwa ɗakin shan magani na Godogodo, wata Talata cikin Agustan 1976, ruwa na zuba tun asuba bai ɗauke ba.

Saura mil uku ya isa, babur ya fara tari. Luke ya sunkuya ya murɗa makunnin mai zuwa rizab, ɗan man ajiya na ƙasan tanki, injin ya dawo daidai. Abin ya tsaya masa a rai. Man da ya zuba jiya ya isa ya kai shi ya dawo da shi.

A Godogodo ya tarar da mutane cike da baranda. Wani manomi ya taro shi tun bai kashe babur ba.

"Likita, Ubangiji ne ya kawo ka. Matana ne, Selina. Maciji ya sare shi jiya a gonan masara."

"Wane iri?"

"Gobe-da-nisa. Mun kashe shi."

Luke ya zare safar hannunsa ta roba, ya zare fara ta auduga da yake sawa a ƙarƙashinta, ya ajiye su a taga. Selina na kwance a benci, ƙafa ta kumbura har gwiwa. Ya ɗaga leɓenta, ya ga jini na tsattsafowa daga dasashi. Ya ja jininta kaɗan a kwalba mai tsabta, ya ajiye, ya duba agogo. Minti ashirin suka wuce jinin yana nan tsararo kamar ruwa, dafi ya hana shi daskarewa.

Ya buɗe fulas, ya ɓare kwalin farko. 'Yar kwalbar da ke ciki girmanta daidai ne, amma rubutun jikinta ya ce ruwan haɗa allura. Ya ɓare na biyu, na uku, na huɗu. Duk ruwa.

Da idonsa ya ga an sa maganin a kwalayen nan da ƙarfe bakwai na safe. Ya ɗaure fulas a babur a barandar sito, ya shiga ɗakin tiyata yana taya likita har goma da rabi. Wani maganin sai Jos, kuma tun Lahadi ruwa ya sha kan wata gada a hanyar.

"Malam Luke, ka ji ciwo ne?" in ji ungozomar wurin, tana nuna taga.

Ya duba. A tsakiyar tafin safar auduga ta hagu akwai tabo shuɗi, girman kwabo, irin na maganin da ake shafa wa gyambo. Hannunsa lafiya lau, kuma bai taɓa wannan magani ba tun makon jiya.

Safar robar nan daga Ingila ya zo da ita, inda ya yi shekara huɗu yana koyon aikin jinya. Baƙa ce, doguwa har kusan gwiwar hannu, an yi ta ne don a ɗora a kan wata safar, ruwa da sanyi su tsaya a waje. Ba mai irinta a Kafanchan, har yara na kiransa mai hannun roba. Aibinta ɗaya: yadda ba ta barin ruwa ya shiga, haka ba ta barin gumi ya fita. Shi ya sa duk ya sauka daga babur sai ya juya cikinta waje kafin ya rataye. Yau da zai fito ya same ta a ƙusa ba a juye ba, cikin da danshi. Gaggawa ta sa ya ɗauka shi ya manta.

Ya juya ta hagun. Shuɗin na nan a jikin robar.

"Kada ta motsa," ya ce wa ungozoma. "Kada a tsaga wurin, kada a ba ta sassaƙe. Zan dawo kafin rana ta faɗi."

"Da magani?" in ji mijin.

"Da magani."

Ya sayi mai a kwalba wurin wani mai tireda, ya juya.

Ƙarfe biyu ya shiga asibiti, ya nufi sito. Malam Nuru, mai kula da sito, shekara goma sha tara yana riƙe da makullin wurin. Ya saurari labarin yana tsaye, ya zauna a hankali.

"Innalillahi. To ai ni za a fara kamawa, Malam Luke."

"Wa ka ba ruwan allura kwanan nan?"

"Ɗakin kwanciya kwali ɗaya, tagar ba da magani kwali ɗaya. Jiya Litinin."

"Ka fita da safe?"

"Ina zan je a ruwan nan? Ina ciki na rufe ƙofa saboda feshi."

"Ka iya babur?"

"Ni da keke ma sai na jingina da bango nake hawa."

Luke ya ce ya miƙo hannu. Tafuka biyu busassu, ba komai sai jan goro a bakin farce.

Bartholomew, direban motar asibiti, yana kwance ƙarƙashinta a gareji. Ya iya babur fiye da kowa a wurin, kuma ya sha aron na Luke ba tare da ya tambaya ba. Ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Bato, ka hau babur ɗina yau?"

"Haba, Oga. Tun bakwai ina fama da wannan tsohuwa, ta ƙi tashi."

"An sa safata."

Bartholomew ya ɗaga hannayensa, baƙi ƙirin da man inji har wuyan hannu. "Da wannan na sa a ciki, da yanzu kana wanke shi da kananzir. Amma tsaya. Ba kai ne ka fita wajen takwas ba?"

"Ina tiyata."

"To na ga mutum ya tura babur har bakin get sannan ya tayar. Rigan ruwanka, hulan kwanonka, hannun roba. Wa zai ce ba kai ba ne? Abu ɗaya dai, ya saki kuloci da garaje, babur ya yi tsalle kamar akuya. Na ce yau Oga bai karya ba."

"Yaushe ya dawo?"

"Ban gani ba. Kafin goma dai babur yana wurinsa."

Awa biyu, kuma man da ya ɓace a tanki ya kai na mil goma sha biyu. Luke ya auna a ransa: Kagoro da dawowa, da ɗan zama.

Afiniki, mai wankin ciwo, tana share ɗakinta. Yatsunta goma duk shuɗi ne, kamar kullum.

"Sista Afiniki, kin fita yau?"

"Na fita zuwa ina? Mutum arba'in a layi, ko bayan gida ban je ba." Ta ga safar a hannunsa, ta kama ƙugu. "Au, ni kake zargi? Ni a kan babur, da zani, da wannan jiki? Da duk Kafanchan sun fito kallo."

Ya shimfiɗa safar auduga a tebur, ya ɗora hannunta a gefe. Shuɗinta a kan yatsu yake, tafinta fari. Tabon safar kuwa a tsakiyar tafi, yatsun ba ko ɗigo.

"Mai shafawa a yatsu yake ɓaci," Luke ya ce. "Wannan na wanda aka shafa wa ne. Wa kika sa wa magani a tafin hannu yau?"

Ta yi ɗan tunani. "Gyambon ƙafa ne duka, sai yara masu ƙurajen kai. Tafin hannu, mutum ɗaya. Simon. Tukunyan dafa sirinji ta ƙona shi wajen bakwai da kwata. Na shafa masa, ban ɗaure ba, ka san ba a ɗaure ƙuna."

"Wane hannu?"

"Hagu." Ta rage murya. "Tagarsa ma a rufe take har kusan goma. Mutane suka yi ta surutu. Ya ce ya je gida ya kwanta ne saboda zafi."

Simon, mai ba da magani, ɗan ƙauyen su Luke ne. Luke ne ya kawo shi aikin, shi ya koya masa hawa babur a filin ƙwallon makaranta, ranakun Asabar. Yana zaune bayan tagarsa yana zuba ƙwayoyi a takarda da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin aljihun farar riga. Luke ya shiga ya ja kujera.

"Yaya Luke, har ka dawo? Yaya hanya?"

"Da ruwa. Mu ga ƙunar."

"Ai ba komai ba ne, ta yi sauƙi."

"Mu gani."

Simon ya fito da hannun. Bororon ƙunar ya fashe, fatar ta saɓule gefe guda, shuɗin ya koɗe ya bazu. Luke ya duba shi yadda yake duba na kowane majinyaci.

"Kwanciya ba ta fasa bororo haka. Wannan an yi ta matsa shi ne a kan ƙarfe, kuma an jiƙa shi."

"Ruwa ne ya taɓa ni a hanyar gida."

"Ruwan sama wanke shuɗi yake yi ya tafi da shi. Naka bai tafi ko'ina ba." Ya juya safar roba ya ajiye a kan tebur, ya jera ta auduga kusa da ita. "Ga shi nan. Ka sa roba a kan fata tsirara, ka yi gumi, gumin ya kwashe maganin ya manna a ciki. Na ɗora tawa, na kwasa. Ka ɗora hannunka mu gwada."

Simon bai ɗora ba.

"Ka san girman kwalbar, kana da ruwan allura a nan. Ka sa kayana don mai gadi ya ɗauka ni ne. Kuloci a hagu yake, shi ya sa ka sake shi da garaje. Ka mayar da komai a ƙusa yadda ka same shi, sai abu ɗaya. Na koya maka hawa, ban koya maka juya safa ba." Ya duba agogo. "Akwai mace a Godogodo, jini na fita ta bakinta. Wa ka kai wa a Kagoro?"

"Yaya, na rantse ban san akwai mai ciwo ba. Na ɗauka ajiya za a yi, kafin a buɗe watanni sun wuce."

"Da watannin sun wuce, da wani ne za a yi wa allurar ruwa. Wa ka kai wa?"

"Mai kemis na bayan kasuwa. Ya ce in ina kawo masa, zai ba ni tsohon babur ɗinsa."

Luke ya tattara safofinsa ya tashi.

Mai kemis ɗin ya fara da musu. Luke ya ce masa yana da zaɓi: ya ba shi yanzu, ko ya ba ɗan sanda bayan an binne matar. Mutumin ya shiga ciki, ya cusa hannu a randar ruwan sanyi, ya fito da ƙullin leda. Kwalabe huɗu, ba a fasa ko ɗaya ba. Luke ya karanta rubutun kowace sau biyu kafin ya sa a fulas.

Ya isa Godogodo da sauran haske. Ya yi wa Selina biyu a jijiya, a hankali, yana kallon numfashinta. A nan ya kwana. Da safe ya sake jan jininta, ya ajiye, ya duba agogo. Da minti ashirin suka cika ya kife kwalbar, jinin ya tsaya a ciki bai zubo ba. Mijin ya kawo masa zakara. Luke ya ce a dafa wa mai ciwo.

Da hantsi ya sauka a ƙofar ɗakinsa a kwatas na asibiti. Simon na zaune a dakali, hannu a naɗe da bandeji, Littafi Mai Tsarki a cinyarsa.

"Ta rayu?"

"Ta rayu."

"Mun gode Ubangiji." Ya miƙe. "Yaya, tunda ba a rasa rai ba, a bar shi tsakaninmu. Ka tuna da Mamana. In maganar nan ta kai gida, ba za ta iya shiga sujada ba. Ko Fasto ne a kira, ya yi mini horo."

Luke ya kwance fulas daga babur. Ya zare safar roba, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya rataye su a igiyar baranda. Shuɗin bai fita ba tukuna.

"In na yi shiru," ya ce, "likita zai nemi wanda ya taɓa kwalayen, kuma makullin sito a hannun Malam Nuru yake. Ka yi tunanin wannan jiya?"

Simon ya sunkuyar da kai.

Luke ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa. Daga ciki ya yi magana, ba tare da ɗaga murya ba.

"Zan yi wanka in sa riga. Ƙarfe goma sha ɗaya zan tafi caji ofis, da sunanka da na mai kemis. In ka riga ni isa, zan ce da ƙafarka ka zo."