Soso Iri Uku

Ranar da ta fara ganinsa, fitowarsa ke nan daga ruwa, yana jan buhun raga cike da wasu baƙaƙen dunƙule masu ƙarni. Ta ja da baya tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Malama, soson da kika zo nema ke nan," in ji shi yana dariya. "Na kanti ya yi wanka ne, wannan kuwa tukuna."

Ita ma'aikaciya ce a ɗakin binciken halittun teku. An ba ta aikin tantance ire-iren soson wankan da masu nutso ke cirowa a gaɓar. Ta san soso a littafi: dabba ne, ba tsiro ba, danginsa suna da yawa, suna kama da juna har masana kansu na rikicewa. Amma ba ta taɓa riƙe mai rai ba. Shi kuwa nutso ne sana'arsa. Ya ciro, mahaifinsa ya wanke, ya shanya, ya sayar a rumfa.

Kullum da kwalabenta take zuwa, sai ya sa mata suna 'Yar Kwalba. Ita kuma ta rama da Kifi. Tun yana kawo mata guntayen soso don aiki, har ya koma kawowa don ya gan ta.

Wata rana tana duƙe a kan madubin ƙara girma saƙonsa ya shigo: "'Yar Kwalbata, yau a ƙasan ruwa na tuna murmushinki, saura kaɗan in manta da numfashi."

Ta amsa: "Kifina, ka riƙa tuna numfashin tukuna. Murmushin yana nan, ba inda za shi."

Da ta gaya wa Mama, sai fuskar Mama ta canza. Mahaifin yarinyar ya rasu tun tana ƙarama, Mama ce ta rene ta ita kaɗai.

"Mutumin da kullum ransa ke hannun ruwa? Na san takaba, ba zan zaɓa miki ita da hannuna ba. Ga Dakta nan, sau biyu yana turo magana."

Dakta shi ne shugaban ɗakin bincikensu. Ta riga ta ce masa ya yi haƙuri, amma tun ranar da ya ga Kifi a ƙofar ofis, gaisuwarta ma da ƙyar yake amsawa.

Aikin ya fara nuna mata abin da ba ta zata ba. Abin da ake sayarwa da suna ɗaya, iri uku ne. Biyu suna da yawa ko'ina. Na ukun, mai siraran zaruruwa da ƙananan ƙofofi, kaɗan ne ƙwarai. Ta rubuta haka a rahoton da ba ta gama ba, ta ajiye a kwamfutar ofis.

Bayan mako biyu aka manna takarda a bakin gaɓa: hukuma ta hana cire soso gaba ɗaya. A ƙasan takardar an ce bisa binciken wance, ga sunanta ɓaro-ɓaro.

Ta kira Kifi sau bakwai bai ɗauka ba. Da yamma saƙo ya shigo: "Ashe duk guntun da na miƙa miki, wuƙa nake wasa miki. Gida arba'in ne ke ci da wannan ruwa. Baba ya ce ko sunanki kada ya sake ji. Allah ya bar ki da kwalabenki."

Ta karanta sau uku. Washegari ta shiga ofishin Dakta ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, rahoton da ban gama ba ka aika? Iri ɗaya na ce yana ƙarewa, ba duka ba!"

"Rigakafi ya fi magani," ya ce, idonsa a kan takardu. "Amma komai ana iya sake dubawa, idan ke ma kika sake duba maganata."

"Ba zan sake duba ta ba."

Ta koma teburinta, hawaye na hana ta ganin madubi. Kwana tara tana yanka soso siriri, tana gwada zare da zare. Ta rame, abinci ma sai Mama ta tsaya a kanta. Hujjar iri uku ta cika, amma abu ɗaya ya gagare ta: ina na ukun yake fitowa? Wanda zai gaya mata kuwa ya daina amsa waya.

Ta ɗauki kwali ta nufi rumfar Baba. Igiyoyin shanya duk babu komai a kansu. Tsohon yana zaune a kan benci, bai amsa gaisuwarta ba.

"Baba, ban zo neman gafara ba tukuna. Taimako na zo nema." Ta juye guntaye talatin a gabansa. "Iri nawa ne nan?"

Ya dube ta, ya dubi guntayen. Can ya miƙa hannu, yana matsa kowanne da babban yatsa yana jefawa gefe. Kafin minti biyu ga tsibi uku. Ta duba lambobin da ta maƙala musu, ko ɗaya bai kuskure ba.

"Wata shida na yi kafin in gane wannan," ta ce a hankali.

"Da kin tambaya." Ya ɗaga na ukun. "Wannan lallausan a dutse ɗaya yake, can bayan fitilar jiragen ruwa. Mu yanka muke mu bar gindin ya sake tsiro. Yaran yanzu kuwa tumɓukewa suke."

"Za ka faɗi haka a gaban hukuma?"

Kifi yana bayan rumfar, ya ji komai. Ya fito kansa a ƙasa, ita kuwa ta kwashe kayanta ta wuce, ba ta ko dube shi ba.

A zaman hukuma ta kawo hotuna da gwaje-gwajenta, Baba ya ware soso a gaban kowa. Aka janye dokar, aka bar ta a kan dutsen nan kaɗai. Dakta bai yafe ba. Cikin mako guda ya ɗauke ta daga bincike ya mayar da ita ɗakin ajiya, wajen goge kwalabe. Wannan ya yi mata ciwo, ta yi kuka har ta gaji.

A nan saƙon Kifi ya same ta: "Na yanke miki hukunci ban ji ta bakinki ba. Ba ni da hujja, sai kunya. In kin yafe, Baba da kansa zai je gidanku."

Sai da ta bar shi kwana biyu yana jira, sannan ta rubuta: "Na yafe, Kifina. Amma Mama ta fi teku zurfi, ka shirya."

Ranar da Kifi ya zo gidansu, Mama ta sa shi a gaba. "Za ka bar nutso?"

"A'a, Mama. In na ce zan bari, ƙarya na yi miki. Amma ba na shiga ni kaɗai, ba na shiga in ruwa ya ɓaci."

Mama ta dubi 'yarta da ta rame, ta share ido.

"To sharaɗi ɗaya. Duk ranar da ka fito daga ruwa, ni za ka fara sanarwa, kafin ita."

Aka ɗaura aure bayan wata biyu, masu nutso suka cika layin. Baba ya dafa kan amarya ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya zaunar da ku lafiya."

Kwana goma da biki ango ya koma ruwa. Amarya na gidan Mama, su biyu sun sa wayar Mama a tsakiya. Da azahar sai wayar ta yi ƙara. Mama ta miƙa mata: "Karanta min."

Ta karanta: "Mama, na fito."

Mama ta sauke numfashi. "Allah ya yi masa albarka. Tashi ki tafi gidanki, mijinki na hanya."