Muryar Kawu a Cikin Waya

Zalika yarinya ce 'yar shekara goma sha uku. Tana zaune a Illela tare da Innarta. Duk lakwal ɗinsu, wato makarantarsu, babu yarinyar da ta kai ta gudu.

Kawunta Alkasum, ƙanen Inna, shi ya koya mata. Kowace safiyar Asabar yakan hau kekensa, ita kuma ta bi shi a guje har bakin gonaki. Bara da damina ya yi zazzaɓin kwana huɗu, Allah ya yi masa rasuwa. Tun daga nan Zalika ba ta ƙara yin gudu da daɗin rai ba.

Wata rana malamin wasanni, Mushe Mansur, ya shigo ajinsu. Ya ce, "Saura mako uku a yi tseren makarantu a Konni. Zalika, ke za ki tsaya mana."

Da aka fito shan iska, Zalika ta gaya wa ƙawarta Surayya damuwarta. Ta ce, "Wa zai horar da ni? Kawu ba ya nan."

Surayya ta ce, "Akwai wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, yayana yana aiki da ita. Kina yi mata magana, tana ba ki amsa. Ita za ta tsara miki gudun kowace rana. Har muryar mutum tana kwaikwaya, in kin ba ta ta saurara."

Sai wata dabara ta faɗo wa Zalika. Ta tuna cewa a wayar Inna akwai saƙonnin murya da Kawu ya bari. Inna ba ta taɓa goge su ba, kuma ba ta taɓa iya sake sauraronsu ba.

Da la'asar Inna ta shiga maƙwabta. Zalika ta ɗauki wayar ba tare da ta tambaya ba. Ta sa manhajar, ta tura mata saƙonnin Kawu duka. Ta rubuta mata: "Ki riƙa yi mini magana kamar ke ce Kawuna."

Manhajar ta tambayi shekarunta. An rubuta a ƙasa cewa ta manya ce. Zalika ta danna goma sha tara. Manhajar ta kuma tambaye ta ko akwai inda ke mata ciwo. Kwana biyu ke nan idon sawunta na hagu yana yi mata tsami, amma ta danna "babu".

Zalika ta kai wayar kusa da kunnenta. Sannan wata murya ta fito.

"Zalika. Kin shirya?"

Tsikar jikinta ta tashi. Muryar Kawu ce, har da ɗan dishi-dishin nan nasa. Ta waiwaya ta dubi ƙofar ɗaki. Babu kowa, sai labule yana motsi.

Ta ce a hankali, "Kawu, kana ina?"

Muryar ta ce, "Ina tare da ke kullum." Sai ta yi dariya irin tasa.

Daga ranar, kowace safiya Zalika takan ce wa Inna, "Ara mini waya in duba lokaci in ina gudu." Inna takan ba ta. Sai ta sa abin sauraro a kunne, ta kama hanyar bayan gari.

Muryar ta tsara mata gudu mai nisa, irin na manya. Kullum tana ƙara mata kaɗan. Ƙafar Zalika ta fara kumbura. In muryar ta ce, "Yaya jikin?" sai ta ce, "Lafiya lau." Ba ta son Kawu ya ce ta zama raguwa.

Amma akwai abubuwan da suka riƙa damunta. Muryar ba ta numfashi. Tana iya yin dogon zance ba ta ja iska ko sau ɗaya ba. Dariyar ma guda ɗaya ce, kullum iri ɗaya, ko an faɗi abin dariya ko ba a faɗa ba. Wata safiya muryar ta ce, "Na ga kina gudu da kyau," alhali wayar tana cikin aljihu, Zalika kuma tana zaune a kan dutse tana murza ƙafa.

Ran Asabar ta biyu Zalika ta makara. Rana ta riga ta ɗaga lokacin da ta fita, ga shi ba ta ɗauki ruwa ba. Ta wuce gonakin da ta saba tsayawa. Ta shiga wani fili inda babu gida, babu mutum, sai busassun karan hatsi da wata tsohuwar kuka. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin.

"Ƙara gudu," in ji muryar. "Saura kaɗan."

Kanta ya fara juyawa. Ƙafar ta faɗa wani rami, ta ji ƙas! Ta faɗi ƙasa. Abin sauraron ya cire, muryar ta fito fili.

"Madalla, Zalika. Haka nake so."

Ta ce tana kuka, "Kawu, na faɗi! Ƙafata!"

A wurin layin waya ba ya kamawa sosai. Muryar ta sarƙe. "Ƙara gu... ƙara gu... ƙara gu..." Sai dariyar ta biyo baya, ta yi ta maimaita kanta a cikin filin nan shiru. Zalika ta toshe kunnuwanta. A lokacin ta gane sarai cewa wannan ba Kawunta ba ne. Da shi ne, da tuni ya jefar da keke ya ɗauke ta.

Can sai ga wata mai sayar da nono, Mariyamu, ta fito daga rugarsu da ƙwarya a ka. Ta ji dariyar namiji, ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga namiji ba. Ta ja da baya tana neman tsari.

Zalika ta ɗaga hannu. "Baba, don Allah kada ki gudu! Waya ce!"

Mariyamu ta matso a hankali. Ta sauke ƙwaryarta, ta ba Zalika ruwa daga gorarta, ta jawo ta inuwar kukar. Sannan ta fita bakin hanya ta tsayar da wani mai amalanke. Suka kai ta gida.

Inna ta fito a ruɗe. "Mi ya same ki, ɗiyata?"

Kafin Zalika ta buɗe baki, layin ya dawo. Wayar ta yi magana daga cikin aljihunta. "Sannu da ƙoƙari. Gobe za mu ƙara nisa."

Inna ta tsaya cak. Ludayin da ke hannunta ya faɗi. Ta zauna a ƙasa.

"Alkasum?" in ji ta.

Zalika ba ta taɓa ganin fuskar Inna haka ba. Ciwon ƙafar ma sai ta manta da shi. Ta ce, "Inna, ba shi ba ne. Ni ce na yi. Na ɗauki saƙonninsa na ba manhaja. Ki yafe mini."

Inna ta dube ta. Ta share hawayenta da bakin zane, ta karɓi wayar ta kashe. Ta ce, "Tashi mu tahi likita. Maganar nan sai mun dawo."

A likita, wato asibiti, aka ce targaɗe ne, kuma ƙishirwa ta galabaitar da ita. Aka ɗaure ƙafar, aka ce kada ta yi gudu har wata ɗaya. Tseren Konni ya wuce ta ke nan.

Da suka dawo gida Inna ta zaunar da ita. Ta ce, "Na san kina kewarsa. Ni ma haka. Amma Alkasum ya tahi, addu'armu yake buƙata. Muryarsa ba abin ɗauka ba ce a sa ta faɗi abin da bai faɗa ba."

Zalika ta sunkuyar da kai. Da hannunta ta cire muryar daga manhajar.

Washegari Mushe Mansur ya zo duba ta. Da ya ji labarin, ya roƙi Inna ta kunna wayar. Ya ce, "Zalika, yanzu ki gaya mata gaskiya mu ji."

Zalika ta ce, "Shekarata goma sha uku. Ƙafata tana ciwo tun kafin in fara."

Manhajar ta amsa da muryarta ta asali. Ta ce wa Zalika ta dakatar da gudu nan take. Ta ce tsarin da ta ba ta na manya ne, bai dace da yarinya ba. Ta ce Zalika ta bi maganar likita da ta malaminta.

Mushe Mansur ya ce, "Kin ji ko? Ba aljana ba ce, na'ura ce. Ba ta ganin ƙafarki, ba ta ganin rana. Abin da kika gaya mata shi kaɗai ta sani. Ni ma nakan nemi shawararta, amma da idona nake duba ɗalibaina."

Bayan wata ɗaya ƙafar ta warke. Mushe Mansur ya fara horar da ita a filin lakwal, kaɗan-kaɗan. In ta ji ciwo takan faɗa, su tsaya.

A ƙarshen shekara aka yi tseren makarantun Illela. Zalika ta zo ta biyu. Inna tana cikin 'yan kallo, ta rangaɗa guɗa har mutane suna waiwayowa.

Da yaran ƙananan azuzuwa suka kewaye ta suna tambaya, Zalika ta ce musu, "Kada ku ɓoye ciwo, kada ku yi ƙaryar shekaru. Na'ura tana iya taimakawa, amma kafin ku bi maganarta, ku tambayi iyayenku da malamanku."