Nelcy da Gansakukar Marmaro

Nelcy 'yar aji biyar ce. Tana zaune da mahaifiyarta da kakanta Evaristo a wani ƙauye can kan tsaunukan Boyacá, a ƙasar Kolombiya. Yarinya ce mai kazar-kazar. In abu ya shiga ranta, ba ta iya zama wuri ɗaya.

Ranar Litinin Malama Nubia ta shigo aji tana murmushi.

"Yara, akwai gasa ranar Juma'a," in ji ta. "Kowa zai gina ƙaramar duniya a cikin tire. Ku nuna mini iska da ruwa da ƙasa da masu rai, da yadda suke aiki tare. Aikin da ya fi kyau za mu kai shi baje kolin kimiyya a cikin gari."

Aji ya kaure da surutu. Nelcy ta fara rawa a kan kujerarta.

Wilmer, mai zama a bayanta, ya ja mata jelar gashi.

"Kada ki wahalar da kanki," ya ce. "Babana kafinta ne. Dutsen katako zai sassaƙa mini, har da fenti."

"To, ka samu masu rai ke nan," in ji Nelcy. "Gara za ta zo ta cinye."

Yara suka kwashe da dariya.

"Nawa dutsen mai rai ne," ta ƙara. "Za ka gani."

Da aka tashi, da gudu ta tafi gida. Ta riga ta san abin da take so. A saman gidansu akwai wani ɗan marmaro. Gansakuka mai kauri ta rufe gefensa biyu, kore shar, mai laushi kamar bargo. Daga wannan marmaro aka ja tiyo zuwa gidansu, da tafkin kifin Kaka, da makaranta.

Ta sami mahaifiyarta tana gasa wainar masara.

"Mama, zan ɗebo gansakukar marmaro. Aikin makaranta ne."

"Ki nemi wani abin," in ji Mama. "Ba a taɓa bakin marmaro. Kin sani."

"Kaɗan fa zan ɗiba."

"Na ce a'a. Ga ciyawa nan bayan ɗaki."

Amma da Mama ta tafi tatsar saniya, sai Nelcy ta ɗauki buhu ta haura.

Ta sa hannu ta ja. Gansakukar ta ɗago gaba ɗaya kamar tabarma. Abin ya yi mata daɗi. Ta ja ta biyu, ta ja ta uku. Ta tumɓuke wasu ƙananan tsirrai har da saiwarsu. Kafin ta farga, buhu ya cika, gefen marmaro ya zama baƙar ƙasa tsirara.

Ta ɗan tsaya tana kallo. "Za ta sake fitowa," ta ce a ranta.

A rumfar dankali ta ɓoye tana aiki. Ta gina dutse da yumɓu, ta lulluɓe shi da gansakuka. Ta huda kwalbar roba ta ɓoye a samansa, ruwa yana ɗiga kamar rafi. Ta yi gajimare da gashin tunkiya. Kai, ya yi kyau. Sai zagaya shi take yi tana tafi.

Ranar Laraba da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi.

Washegari da safe Mama ta buɗe famfo. Ya yi tari, ya tofo ruwa ja kamar kunu, sannan ya ɗauke. Ba a dafa ruwan mazarƙwailar da suke sha da safe ba a ranar. Nelcy ta ci wainarta a bushe.

Sai ta ji muryar Kaka daga bakin tafki. Ta ruga. Ruwan tafkin ya zama taɓo. Kifaye sun taso sama suna buɗe baki. Guda shida sun juya ciki, ba sa motsi.

"Shekara guda ina kiwon su," in ji Kaka a hankali.

Ana haka sai ga wani yaro daga makaranta. Ya ce can ma babu ruwa, mai dafa abinci ta ce yau ba miya.

Kaka ya yafa bargonsa na ulu, ya ɗauki sanda. Gwiwarsa tana ciwo, amma ya fara hawa tudu. Nelcy ta bi shi da kallo. Sai ta ruga ta riƙe masa hannu.

"Kaka, ni ce."

"Ke ce me, jikalle?"

"Ni na kwashe gansakukar. Mama ta hana ni, na ƙi ji." Ta fashe da kuka.

Kaka ya share mata hawaye da gefen bargonsa.

"Kuka ba zai wanke tiyo ba," ya ce. "Je ki faɗa wa uwarki, ki faɗa wa malamarku. Da bakinki."

Wannan ya fi komai wuya, amma ta yi. Mama ta yi mata faɗa sosai. Malama Nubia kuwa ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta rufe littafinta.

"Kowa ya sa takalmin roba," ta ce. "Yau a kan dutse za mu yi darasi."

Yara suka fita da ihu. Da suka isa marmaro, suka tarar da Kaka yana duba wurin. Gefen ya zabge, ƙasa ta cika idon ruwan.

Malama ta nuna musu hazon da ke rarrafe a kan tsauni.

"Daga ina wancan ya zo?"

"Daga sama," in ji Wilmer.

"Kafin sama fa?"



"Daga koguna da teku," in ji Malama. "Rana ta ɗaga ruwan, iska ta ɗauko shi har nan. Ku taɓa wannan." Ta kai su wurin wani tsiro mai ganye mai gashi-gashi, wanda ake kira frailejón. Suka taɓa, hannuwansu suka jiƙe.

"Ganyen yana kama hazo!" in ji wata yarinya.

"Haka ne. Ruwan ya gangaro, gansakuka ta shanye shi kamar soso, tana sakinsa kaɗan-kaɗan. Saiwoyi kuma sun riƙe ƙasa. Ruwan ya ratsa ƙasa da duwatsu, ya fito nan garau. Mu sha, ya wuce rafi, ya koma teku, rana ta sake ɗaga shi."

Nelcy ta ɗaga hannu a sanyaye. "Malama, to me ya kashe kifayen?"

"Kifi ma iska yake shaƙa, wadda ke cikin ruwa. Da taɓo ya toshe tiyo, sabon ruwa ya daina shiga, iskar ta ƙare."

Nelcy ta zaro ido. "Na taɓa tsiro, ƙasa ta zube, ruwa ya ɓaci, iska ta ƙare."

"Mu kuma muka rasa miya," in ji Wilmer.

Har Kaka sai da ya yi dariya.

Nan take aka kama aiki. Wasu suna kwashe taɓo, wasu suna jera duwatsu a gefe. Kaka ya zare tiyo ya wanke. Nelcy ta gangara gida ta ɗauko tirenta. Ta ɓare gansakukar daga dutsenta mai kyau, ta mayar da ita wurinta, tana kafe ta da tsinke.

"Za ta kama, Kaka?"

"Wata za ta kama. Wata sai kin shiga aji shida, ko fiye. Cire ta ne ke da sauri."

Kafin la'asar ruwa ya fara gudu. Sauran kifayen suka tsira.

Ranar Juma'a kowa ya kawo aikinsa. Dutsen Wilmer yana ta ƙyalli. Nelcy kuwa tire biyu ta kawo. Ɗaya tudun ƙasa ne tsirara. Ɗayan ta rufe shi da ciyawar bayan ɗaki, har da saiwarta.

"Wilmer, zo ka zama girgije," ta ce, ta miƙa masa buta.

Ya zuba ruwa a kan tudun farko. Ruwan ya gangaro da gudu, ja wur, tudun ya rushe. Ya zuba a kan na biyu. Aka jira. Can sai ruwa ya fara fitowa a hankali, kusan fari tas.

Yara suka miƙe tsaye. "A sake! A sake!"

Sau uku aka sake. Daga nan Nelcy ta ba da labarin abin da ta yi, ba ta ɓoye komai ba.

Malama Nubia ta zaɓi aikinta. Nelcy ta roƙa a bar Wilmer ya raka ta, tunda ya iya zuba ruwa. Ta isa gida tana tsalle, ta rungume Mama, ta rungume Kaka har sandarsa ta faɗi.

Tun daga ranar Nelcy ta gane cewa iska da ruwa da ƙasa da masu rai a haɗe suke. Wanda ya ɓata ɗaya ya taɓa sauran. Ta kuma gane cewa in babba ya hana abu, gara a tambayi dalili da a yi a ɓoye, in kuma an yi kuskure, a faɗi gaskiya a gyara.